Kujera Ɗaya Zuwa Maraɗi

A shekarar da fari ya cinye gero tun yana tsaye, sojoji na mulki, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Urafan. Ba ni da abin da ya fi akwatin littattafan soyayya da nake saye a kasuwa. A cikinsu na koyi cewa idan masoyiya ta shiga haɗari, wani abu yakan sauko daga sama ya cece ta. Na yarda da haka sosai.

Matata tana da cikin fari. Kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Muka kai ta Tasawa, ni da mahaifiyarta. Likita ya duba ta ya ce sai an yi mata aiki a Maraɗi, kuma kada a wuce yau.

A bayan gari akwai filin jirgi, jar ƙasa ce kawai da aka share. Da hantsin nan wani ƙaramin jirgi ya kawo maganin ƙyanda, zai koma Maraɗi. Da na hango shi yana walƙiya cikin rana, sai da na yi hawaye. Na tambayi matuƙin da Faransanci. Ya ce kilomita ɗari da 'yan kai ne, minti arba'in ya isa. A mota kuwa, yadda hanya ta lalace, sai a wuni. Kujera ɗaya ta rage, amma sajan mai gadin filin ke cewa wa zai hau.

Akwai wani ɗan kasuwa, abokin manya, tsaye da jakarsa yana jira.

"Ranka ya daɗe, ga takardar likita," na ce wa sajan.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malaman lakwal, "kai ke naƙudar? Bari in ji daga bakinta."

Ya duƙa gaban amalanken da muka kawo ta filin a kai, inda take kwance. "Ƙanwata, yaya jiki? Da zafi ƙwarai?"

Ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da yake yi. Mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta faɗin ciwo, balle a gaban mijinta da uwarta da baƙin maza. Tun tana yarinya aka koya mata.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Da sauƙi."

"Ki faɗa masa gaskiya!" na ce.

Mahaifiyarta ta harare ni. "Haba Malam, gaban mutane?"

Sajan ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ka ji ko? Da sauƙi. Ku masu boko kun cika gaggawa. Alhaji, bismilla."

Matuƙin ba ya jin Hausa. Ya ɗaga mini hannu da fara'a, ya rufe ƙofa.

Sai bayan azahar muka samu kamiyo, babbar motar kaya, da ya sauke hatsin taimako. Muka shimfiɗa ta bisa buhunan da babu komai a ciki. Duk ramin da muka faɗa, sai ta damƙe ƙarfen motar, ba ta ko riƙe hannuna ba don uwarta na kallo. Ba mu kai rabin hanya ba hannun nata ya saki ƙarfen.

A wurin zaman makoki ina jin mata ta bayan zana suna yi wa mahaifiyarta gaisuwa. Wata tsohuwa ta ce, "Kin yi tarbiyya. An ce har ta cika ko uhm ba ta ce ba."

"Ko uhm," in ji mahaifiyarta. "Ba ta ba mu kunya ba."