Dogon Ɗan Wasan Luding

Mang Doroy, mai askin unguwarmu a Iloilo, bai taɓa buga ƙwallon kwando ba, amma kullum cikin sauya wa ƙungiyarsa 'yan wasa yake. Murafen kwalba ne 'yan wasan. Matarsa Luding, mai suyar ayaba, ita ke riƙe da ɗaya ƙungiyar.

"Ba ni dogon nan naki, in ba ki biyu."

"Guragu biyu? Tsoho, koma kan askinka!"

Har suka tsufa ba ta sakar masa ba.

Bayan rasuwarta na tarar ya jera murafen. Na ce, "Mang, yau dai dogon naka ne."

Ya tura murfin gefenta. "Ai ba ta yarda ba."