Tsiron Yaya a Bakin Taga

Mai karatu, kafin ka yi mini gaisuwa, riƙe mini wannan kacici-kacicin. Wane mai rai ne sanyi ba ya kashe shi, rana ba ta kashe shi, ƙishirwa ba ta kashe shi, amma in ka cika son sa sai ya mutu a hannunka? Kada ka yi saurin amsawa. Na san halinku yaran yanzu, bakinku ya fi kanku sauri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda unguwa ta sani da Mai Ganye. A kan kujerarta ta bakin taga ta cika. Har na shiga na fara tsokanarta cewa barcin hantsi na malalata ne, sai na ji ba ta rama ba. Yaya ba ta taɓa barin maganata ta wuce babu amsa ba. A nan na gane.

Yaya, a kan tsauni aka haife mu, inda gajimare ke wucewa ta ƙasan ƙafar mutum kamar tumakin da suka ɓace wa makiyayi. Ranar da muka sauko birni kowa ya ɗauki abin kirki, ke kuwa kika ciro ɗan tsiro daga tsagar dutse, kika sa shi a fasasshen kofi. Ganyensa gajeru, masu kauri kamar yatsun jariri, cike da ruwa mai sanyi. Dariya na yi ta yi miki har muka iso. Yau gwiwoyina ba za su ƙara hawa tsaunin ba, namu na can duk sun ƙare, kuma abin da ya rage mini na gida shi ne wannan abin dariyar.

Wa bai ci moriyarsa ba? Telan da ke ƙasan benenmu ya dafa dutsen guga, ya hauro yana kururuwa. Kika tsinki ganye kika matse masa a tafin hannu, kina cewa, "Ƙato da kai kana ihu kamar an yanka ka? Miƙo hannun!" Mai gidan burodi ma ya zo da damtsen da tanda ta lasa, amma da kika ga girman ƙunar, da tsintsiya kika kora shi asibiti. Kin san iyakar ganyenki. Kowa ya warke sai ki ba shi ganye ɗaya, ki ce ya aje a kan yashi ya manta da shi. Ba wanda ya iya mantawar. Duk nasu sun ruɓe, naki kaɗai ya rage.

To bari in kawo miki ƙarar masoyanki. Bayan kin tafi, 'yarki takan zuba wa tsiron ruwa kowace safiya tana hawaye. Tela ya zo gaisuwa, ya zuba. Surukinki ya juye masa ragowar na kofinsa. Kowa na zaton shi kaɗai ya tuna da marayan. Kafin in lura, gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi, ganyen na zubowa.

'Yarki ta ce, "Inna, ko ƙishirwa yake ji?"

Na ce, "Ƙishirwa? 'Yar nan, ai kun mayar da shi kifi."

Muka yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Ganye ɗaya tak na samu da sauran ƙwari. Na zubar da taɓon, na cika kofin da busasshen yashi, na kwantar da ganyen a kai. Daga nan na zauna a kujerarki ina gadinsa. Ba daga baƙi ba, daga kaina. Kullum ƙara yamushewa yake, hannuna kuwa sai ya miƙe ya nufi buta ba da izinina ba.

Shekaranjiya da la'asar gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai na gan ki yarinya, zaune a bakin dutsen nan namu, ƙafafunki na lilo cikin gajimare, iska na wasa da ɗankwalinki. Tsiron ya rufe dutsen duka, ya yi fure ja-ja har inda ido ya tsaya. Ni kuma ina haurowa ɗauke da tulu, ba ciwon gwiwa ko kaɗan. Ba ki ko juyo ba kika ce, "Auta, aje tulun nan." Na aje. Da na farka, na ɗaga ganyen a hankali, sai ga saiwa fara siririya kamar furfurata ta kama yashin.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya wa bayinSa ƙuna. Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa 'yarki da mijinta da jikokinki ta'aziyya, da Tela, da mai gidan burodi, da dukan unguwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Mai zuwa gaisuwa ya zo da addu'a, ya bar buta inda ya gan ta.

Amsar kacici-kacicin kuwa, tsiron Yaya ne. Yawan ruwa ke kashe shi.