Abin da Ya Kai Kafinta Masallaci

Shagonsa yana ƙarshen layi, tsakanin mai walda da mai gyaran fanka, kuma kowa Kafinta yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne. A coci ya tashi. Mahaifinsa ne mai kaɗa ƙararrawa har ya rasu, mahaifiyarsa tana cikin mawaƙa, bencinan da ake zama a kai kuwa yawancinsu aikin hannunsa ne. Ba a taɓa jin ya yi gardamar addini da kowa ba. In Walda, maƙwabcin shagonsa, ya tafi salla, shi ke duba masa kaya, ran Lahadi kuma Walda ya rama masa.

Wata damina rufin masallacin bakin kasuwa ya fara yoyo, silin ya kumbura, aka nemi mai gyara. Walda ya kai shi. Aikin ya ja, don katakon da ke ƙarƙashin kwanon duk ya ruɓe. Sharaɗi ɗaya aka yi masa: da an kira salla ya ajiye guduma. Saukowa daga can sama wahala ce, tsanin ma rawa yake yi, sai ya riƙa zama a kan katako, ƙafafu na reto, yana leƙowa ta inda ya ɓare silin.

Daga can ba ya ganin fuskar kowa, sai ƙeya da gadon baya. Mutane su shigo a warwatse, wani na tari, wani na naɗe ƙafar wando, sannan su miƙe a jere kamar an ja zare. Su sunkuya tare, su kai goshi ƙasa tare. A lokacin nan masallacin yakan yi tsit har ya ji ɗigon ruwa a bokiti. Wani abu yakan taso masa a ƙirji, ba daɗi ba, ba kuma tsoro ba. Ya ɗauka zafin kwano ne. Ya gama aiki, ya kwashe kayansa, ya ci gaba da zuwa coci kamar kullum.

Sai bayan shekaru, wata rana tsaka yana yanka ƙafar tebur, ladan ya kira salla. Ya ajiye zarto ya bi bayan Walda.

"Ina za ka?" in ji Walda.

"Inda za ka."

"Ka san fa inda za ni."

"Na sani."

Walda ya dube shi sama da ƙasa, ya duba ko ya sha wani abu, sannan ya kai shi wajen liman. Liman dattijo ne mai haƙuri. Ya tambaye shi ko wani ya tilasta masa, ya ce a'a. Ko aure yake nema, ya ce yana da mata da 'ya'ya uku. Liman ya ce ya je ya yi tunani. Ya je, bai san me zai tuna ba, ya dawo. Aka karanta masa kalmar shahada ya maimaita, aka ba shi sabon suna. Sunan bai kama ba. Kafinta dai aka ci gaba da kiran sa.

Matarsa tela ce, kekenta yana falo kusa da taga. Tana cikin ɗinki ya gaya mata. Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Baban yara, me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To wa ya yi maka?"

"Ba kowa."

"To me ya sa?"

Ya ce zai gaya mata in ya tsara maganar. Ta yi kuka, ta yi masa yajin magana, ta bincika aljihunsa da wayarsa ba ta ga komai ba. Da ta ga wani abu ma da ya fi mata sauƙi, in ji ta daga baya, ko ba komai ta san da wa za ta yi faɗa.

Yayansa direban babbar mota ne, shi bai wahalar da kansa ba. "Kwangila kake nema," ya ce. "Ka faɗi gaskiya, ni ba zan gaya wa Mama ba." Kafinta ya ce masa tun da abin ya faru aiki ma raguwa ya yi, 'yan coci sun janye, 'yan masallaci kuma suna da nasu kafintocin. Yaya ya yi tsaki. "To ashe kai ko dabara ba ka yi ba."

Fasto ya zo har shago, ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko akwai abin da ya karanta a Littafi ya shige masa duhu, su zauna su warware. Kafinta ya so ƙwarai a ce akwai. Ya lalube kansa bai samu ba. Ya ce, "Fasto, ni ban fita don na tsani wani abu ba." Fasto ya ce, "To don me ka fita?" Kafinta ya ɗauki wata lanƙwasasshiyar ƙusa yana miƙar da ita. Da Fasto zai tafi ya ce ƙafar mumbari tana girgiza, in ba damuwa ya leƙo ya duba. Ya je ya gyara.

A masallaci kuma labari suke so. Aka shirya wa'azi wata Juma'a bayan la'asar, aka ce sabon ɗan'uwa zai faɗi yadda ya ga haske. Wanda ya yi magana kafin shi ya ba da labarin mafarki, da farin mutum, da murya, jama'a na ta kabbara. Aka miƙa wa Kafinta abin magana. Ya fara bayanin rufin nan, yadda aka sa ɗanyen katako tun farko, yadda ruwa ke bin ƙusa ya shiga. Ya daɗe a kan katakon. Wani a baya ya ce, "Malam, kai mu wajen hasken." Ya ce, "To, ina zaune a sama, sai kuka yi sujada." Ya tsaya. Aka jira. Ya ce, "Shi ke nan." Mutum biyu suka yi kabbara don kada a ji kunya, mai gabatarwa ya karɓe abin maganar da sauri.

Abin ya dame shi. Ya fara zargin kansa da munafunci, musamman da ya lura in yana goge katako waƙoƙin coci yake rerawa a maƙogwaro bai sani ba. Ya kai ƙarar kansa wajen liman. Liman ya tambaye shi ko yana salla in ba mai ganin sa. Ya ce yana yi, har ma ta fi yi masa daɗi. Liman ya ce to ya je ya ci gaba da aikinsa. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, don shi amsa yake nema, aka ba shi sallama.

Wata rana suna shan shayi ya juya ga Walda. "Kai me ya sa kake musulmi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A ciki aka haife ni."

"Da a gidanmu aka haife ka fa?"

Walda ya ajiye kofi. "Da na gane gaskiya na dawo."

"Ta yaya?"

Walda ya sa gilashin aikinsa, ya koma kan ƙarfe. Da yamma ya leƙo ya ce, "Ka hana ni sakat yau. Kada ka ƙara yi mini irin wannan."

Mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta taɓa tambayar sa ba. Kowace Lahadi yakan kai ta coci a babur, ya jira a ƙarƙashin bishiya, ya maido ta. Da ciwo ya kwantar da ita a ɗakin baya na gidansa, shi ke juya ta, shi ke ba ta magani. Wata safiya ya kasa daurewa.

"Mama, ke ba ki ce mini komai ba."

"Me zan ce?"

"Kowa ya tambaye ni dalili."

Ta ce, "Ni ma ai ba a coci aka haife ni ba. Gidanmu ba coci ba masallaci. Ina budurwa na bi wata ƙawata, na ji suna waƙa, na zauna. Babana ya tambaye ni har ya gaji."

"Me kika ce masa?"

"Na ce waƙa. Ya ce waƙa ba dalili ba ce." Ta yi tari. "Raina ya ɓaci da kai, kada ka ce bai ɓaci ba. Ina so a ce inda za ni nan za ka. Amma in tambaye ka abin da ni ban amsa ba?"

Ya fito daga ɗakin kansa ya ƙara ɗaurewa. Shekara da shekaru yana ganin ta kamar ginshiƙin coci, ashe ita ma shigowa ta yi.

Da ta rasu shi ya haɗa akwatinta, bai bar kowa ya taɓa ba. Ranar jana'iza ya rasa inda zai tsaya. Ya shiga coci, ya fito, ya sake shiga, daga ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, har matarsa ta taso ta ja hannun rigarsa ta zaunar da shi kusa da ita.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar wa babban ɗansa shagon. Babban ya bi shi masallaci, macen tana coci tare da uwarta, autan kuwa ya ce yana nazari tukuna, kuma ba wanda ya matsa masa. Kwanaki liman ya turo wa Kafinta wani malamin makaranta da ke son shiga musulunci, wai ya ba shi shawara a matsayinsa na wanda ya riga shi. Mutumin ya zauna a falo ya jero dalilansa tiryan-tiryan, da littattafan da ya karanta, da tambayoyin da ya warware. Kafinta yana ta gyaɗa kai. Da baƙon ya nemi shawarar, ya ce masa ya sayi takalmi mai sauƙin cirewa.

Bayan ya tafi matar ta ɗago daga keken. "Shawarar ke nan?"

"To me zan ƙara masa? Ya fi ni sanin abin da ya kawo shi."

Ta girgiza kai, ta miƙa masa allura ya sa mata zare, ta tuna ba ya gani, ta karɓe abarta.