Shekarar da na yi binne saboda istatistik

Shekarun baya can, ina shekara ta biyu a jami'a nan Tawa ina karatun tattalin arziki, wato ekonomi, akwai wata matiyar, wato darasi, da ta tsaya mini a wuya: istatistik, ilimin ƙididdiga, ta shekarar farko. Da zan shiga jami'a na ɗauka ekonomi hirar kasuwa ce, a zauna a yi ta bayanin abin da ya sa albasa ke tsada yau ta faɗi gobe. Sai na tarar da mikro da makro, ga lissafi, ga kontabilite na aikin akanta, ga doka, ga Ingilishi, ga na'ura. Duk na haye su, don ni dai Allah ya ba ni baki, in aka ce a yi bayani sai malami ya gaji da karanta takardata. Ita kuwa istatistik ba ta san surutu ba. Na yi mata dogon bayani, ta kayar da ni warwas.

Ƙa'idar lisans, wato digirin farko, a fili take. Za a bar ka ka shiga shekara ta biyu kana jan matiyar ɗaya a baya, amma ƙofar shekara ta uku ba ta buɗewa sai ka share duk na shekarar farko. Ke nan in na sake faɗuwa, ko na ƙi zuwa jarrabawar, sai in zauna in ga abokaina sun wuce. A shekarar kuma karatu ya ja har bakin damina, aka sa ranar jarrabawar daidai lokacin da kowa a yankinmu na Adar idonsa ke gabas yana jiran ruwan shuka.

Ƙauyenmu yana kusa da Afala. Mahaifina ya rasu, yayyena maza duk suna Abijan wajen biɗa, ni ne auta, ni kaɗai ne namijin da ya rage kusa. Gonarmu jigawa ce, tana shanye ruwa kamar ba a yi ba. In aka yi ruwa yau, gobe da sassafe ake shuka, wanda ya makara sai ya jira wani ruwan da ba a san ranarsa ba. Kuma ranar ba ka samun aron kowa, don kowa yana tasa gonar. Mahaifiyata tana iya zuba iri ta rufe da ƙafa, amma bayanta ba zai ɗauki sungumi ba. To idan ruwan ya zo daren jarrabawa fa? Wannan tambayar ta hana ni sakat.

Ran nan na hau motar kasuwa na je gida da shawarata a shirye: mu yi binne. Wato a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira. In ruwa mai ƙarfi ya fara zuwa, ka riga kowa. In kuwa yayyafi ne, sai irin ya tsiro ya ƙone, ka yi asara. Mu kuma irin hatsinmu ba na kasuwa ba ne. Mahaifiyata ce ta zaɓe shi zangarniya-zangarniya tun kaka, daga jinin wanda mahaifina ya bari, kuma babu na biyu.

Tana jin maganar ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Auta, ubanka bai taɓa bizne ba," in ji ta. "Wagga jarrabawa, ba ka barin ta ka yi wata? Ai dut karatu guda na."

Na ce, "Inna, kin san tsanin rumbu? In matakin ƙasa ya karye, ba a cewa bari in taka na bisa. Wagga ita ce matakin ƙasa."

Sai ga kawuna, ƙaninta, ya shigo, aka maimaita masa. Ya yi dariya har da buga cinya, yana kira na Mushe, yadda ake kiran malamin boko.

"To, Mushe ya zo da sabon noma! Kai da an ka kai lakwal karatun boko don ka koyi tattali, iri za ka zubam ma zabbi?"

Nan fa na gyara zama na fara yi musu bayanin yiwuwar abu da rashin yiwuwarsa, yadda ake duba shekarun da suka wuce a auna na gaba. Ku dubi ikon Allah, mutumin da istatistik ta kayar shi ne ke koyar da ita a tsakar gida. Kawuna ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ruwa dai na Allah na." Na ce haka ne, Kawu, amma ranar jarrabawa ma an riga an sa ta, kuma ba ni fasawa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, sai dai ko kaɗan ban ji shakkar abin da na yanke ba.

Washegari bayan sallar asuba na saɓi sungumi na nufi gona ni kaɗai. Niyyata in yi saran, in ta hana irin, to na yi nawa. Na yi nisa da layin farko sai na ji takun mutum a bayana. Ina waigawa na ga mahaifiyata da ƙwaryar iri a hannu, ta ɗaure ɗankwali tamau, fuskar nan ba annuri. Ba ta gaishe ni ba, ban kuma yi gigin yi mata godiya ba. Abin da ta ce kawai, "Zurfafa sara." Haka muka yi ta yi, ina sara tana zubawa tana rufewa, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, masu wucewa a kan jakuna suna rage tafiya suna kallonmu. Da muka kai gefen yamma hannuwana sun yi kanta, sarana ya koma na ragwaye, sama-sama. Ta gani, ta ci gaba da zuba iri.

Na koma Tawa na duƙufa. Wannan karon ban yi wa istatistik wayo ba, na zauna na yi ta aikin misalai har na fara gane inda ta dosa. Sai dai duk shafin da na juya sai na leƙa taga na dubi sama. Ana haka kawuna ya kira ni. "Mushe, an yi yayyahi wajenmu," ya ce, "na dai gaya maka." Muryarsa ba ta dariya ba ce wannan karon. Na tuna hannun mahaifiyata cikin ƙwaryar nan, na ji kamar in tashi in kama hanya a ƙafa. Amma ko na je me zan yi, in tone irin? Na buɗe littafina na ci gaba.

Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta kaure da murna, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina neman layin gida, waya ta ƙi shiga. Ruwan Tawa ba shi ne ruwan Afala ba, kowa ya san haka, yana iya jiƙa wannan gona ya tsallake ta kusa da ita. Da safe na shiga amfi, babban zauren jarrabawa, ban san abin da ake ciki a gida ba. Na lura da 'yan kujeru babu kowa, na 'yan ƙauye irina, na kuma san inda suke, suna can riƙe da sungumi. Na tausaya musu ƙwarai. Aka raba tambayoyi, na yi bisimilla, na rubuta abin da na sani ba tare da dogon bayani ba.

Ina fitowa na sake kira, sai ta shiga. Mahaifiyata ta ɗauka, ina jin hayaniyar mutane a bayanta.

Na ce, "Inna, ruwa?"

Ta ce, "Kai dai, ka gama rubutun?"

"Na gama."

"Dut ka amsa?"

"Inna, don Allah, ruwa!"

"An yi," ta ce. "Na tona da hannuna, laima ta wuce kamu. Gari dut ya watse gona, ni ko ga ni zamne bakin tawa ina kallonsu."

Na jingina da bangon amfi, na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Ba duka aka tsira ba. Gefen yamma, inda na yi saran ragwaye, yayyafin nan ya tsirar da shi ya ƙone, sai da na je na sake shuka wajen da irin da kawuna ya kawo da kansa, yana ta mita. Sauran gonar kuwa ta tashi gaba da ta kowa. Istatistik ma na haye, ba da wani maki na alfahari ba, amma ya isa ya buɗe mini shekara ta uku.

Yau idan ƙannenmu masu shirin shiga ekonomi suka tambaye ni, ina ce musu su dubi jerin matiyoyin tun ranar farko, su nemi wadda suka fi tsoro su fara da ita, don ita ce za ta tare musu hanya a ranar da ba su da sarari. Har yanzu kuma in aka tambaye ni ko zan sake binnen nan, ina cewa zan sake, ko da ya ƙone gaba ɗaya, don ranar ba ni da wata hanyar da ta fi ta.

Da kaka muna ɗaure dammuna, na tsokani mahaifiyata na ce, "Inna, ba ke kika ce Baba bai taɓa bizne ba?" Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da jan igiya.

Ta ce, "Ai shi ba ya da jarrabawa."