Dutsen Da Aka Rege A Ƙwarya

Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kuma tun muna yara bakinta bai taɓa raga mini ba. Shekarar da na fara lura cewa wuyanta ya fi na barewa kyau, a shekarar ne wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai jigilar gyaɗa zuwa Dahome ya fara tsayawa a ƙofar gidansu a Gaya. Wata ranar kasuwa ya kawo mata ƴan kunne na kanti. Zuciya ta ɗebe ni, na miƙe a gaban kakarmu na ce ni ba zan sa mata zinariyar da hannun wani ya taɓa ba, sai wadda na haƙo da kaina.

"To, Sarkin Zinariya," in ji ta, "zan jira. Amma in ka dawo hannu rabbana, kamiyo zan hau."

Faransa ke mulki a lokacin, samarinmu kuwa suna ta kwarara Kurmi, ƙasar da Ingilishi ke kira Gwalkwas. Na shiga jirgin fito na haye kogi tare da su. Duk tsawon hanya ina ganin zinariya a raina, zube a ƙasa kamar taurari, ni ina tsinta ina zubawa a hula.

Abin da na tarar rami ne buɗe, wanda zai haɗiye Gaya har da kasuwarta. An yanka gefensa hawa-hawa kamar matakalar ƙattai. A sama jar ƙasa ce irin tamu, ita zubarwa ake yi. Ƙarƙashinta dutse ne da ruwan sama ya ruɓar, farin dutse kuma ya ratsa shi kamar jijiya a nama. Wannan jijiyar ake bi. Da rana tsaka a kaɗa ƙararrawa mu ruga, nakiya ta tashi, mu dawo mu loda tarago. Inji ya niƙe dutsen ya zama gari, a zuba a manyan tankuna na ruwan guba mai tsotse zinariya, daga nan sai wani ɗaki mai kwaɗo wanda ba a bari lebura ya leƙa.

Akwai wani dattijo ɗan ƙauyen Bana, kusa da garinmu, da muke lodi tare. Da na gaji da zuba ido na ce, "Baba, wai ina zinariyar?"

"Kana tsaye a kanta."

"Ban ga komai ba."

"Taragon nan da ya karya maka baya, abin da ke cikinsa bai fi ƴan ƙwayoyin gero ba. A ramin nan na yi furfura, zinariyar da na taɓa gani ita ce ta haƙorin Bature in yana dariya. Shi kuwa ba ya dariya."

A bakin ƙofar fita daga ramin ana laluben mutum har hammata, ko tsakuwa ba a fita da ita. Da dattijon ya ji alkawarin da na ɗauko, sai da ya riƙe ciki don dariya, sannan ya kai ni wani rafi bayan bukkokinmu, wajen shinge, inda jijiyar ta leƙo waje. Na sassaro guntu kamar kan akuya, na naɗe shi cikin sabon zane.

Ranar da na dawo, maƙwabta suka cika gidan kawu. Na kwance zanen a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya.

Kaka ta juya dutsen da sandarta. "Maigidana, murhu za ka kafa mana? To, saura biyu."

Na yi bayanin jijiya, na yi na inji, na yi na ruwan guba. Ana ta dariya. A waje na ji kamiyo ya tsaya.

Taubashiyata ba ta yi dariya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Ka ce niƙawa suke yi? Kuma zinariya ta fi gari nauyi?"

Na ce e.

"Ashe regiya ce. Don wannan Turawa suka tara maza?"

Ta jefa dutsen a wuta, da ya ɗau zafi ta kwara masa ruwan sanyi ya tsattsage, ta zuba a turmin kaka. Ta daka har gindin turmin ya tsage, kaka na salati tana cewa ta shiga uku da jikoki. Sannan ta ɗauko ƙwarya da ruwa. Ɗiyar manomin shinkafa ce. Tun ba ta kai tsayin taɓarya ba take raba tsakuwa da ƙwaya. Ta juya, ta karkata, ta tsiyaye, ta ƙara ruwa. Farin gari ya tafi, baƙin yashi ya rage. A gefen yashin, da ta karkata ƙwaryar wajen rana, sai ga wani ɗan ja-ja, ɗigo-ɗigo, bai kai ƙwayar ridi ba.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ranar na fara ganin zinariyata.

"Ko kunnen sauro ba za ta yi wa ado ba," in ji ta. "Kai ka haƙo, ni na daka, ni na rege. Rabi nawa ne."

"Ta yaya za a raba wannan?"

"Ba ta rabuwa, Sarkin Zinariya. Sai dai masu ita su zauna gida ɗaya." Ta miƙe tana yarfe hannu. "Kaka, a ce wa na waje ba na nan."

"Ni ba ruwana," in ji kaka. "A fara sassaƙa mini turmi tukuna."