Goggo Duba-Gari da Rigimar Kwashe Shara

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar da jama'a suka sani da Goggo Duba-Gari a shekarar 1948, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan babbar kasuwar garinsu. Mahaifinta mai gyaran keke ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ita ce ta fari, sai ƙane guda ɗaya wanda ya taso a bayanta, domin ita ta yi renonsa. Tagar ɗakinsu tana kallon bolar unguwa, kuma a daminar 1957 amai da gudawa ya ɗauke mata ƙawaye biyu a layinsu.

Ilimi, aiki da aure

Ta kammala makarantar koyon aikin tsafta a 1968, hukumar gari ta ɗauke ta duba-gari, tana zagaya gidaje da mayanka da magudanan ruwa. An ruwaito cewa ta taɓa cin surukarta tara a kan buɗaɗɗiyar randa, da yamma kuma ta kai mata sabon murfi, ta durƙusa ta gaishe ta. Mijinta, malamin lissafi da ta aura a 1970, yakan ce shi kaɗai ne magidancin da ake duba gidansa kullum.

Muhawarar 1986

A wannan shekara majalisar gari ta buɗe muhawara a kan ko hukuma za ta karɓi kwashe sharar gidaje, ko a bar shi a hannun 'yan kasuwa. Mafi girma a cikin 'yan kasuwar nan shi ne ƙaninta, wanda amalankensa suka cika gari, kuma da sana'ar yake riƙe da mahaifiyarsu. Ya miƙe a zauren majalisa ya kafa hujja da cewa motar hukuma ba ta shiga lungu, kuma ma'aikacin albashi yana zuwa ranar da ya ga dama, alhali mutanensa ba sa fashi domin daga nan suke ci. Da aka kira ta, ba ta dubi inda yake ba. Ta bayyana cewa amalanke yana tsallake duk gidan da ba shi da halin biya, sannan ta ce, "Ƙudan da ya tashi daga gidan da aka tsallake, a kwanon gidan da ya biya yake sauka."

Majalisa ta bi ra'ayinta, aka hana amalanke. Ƙanin ya koma sayar da gawayi, ya daina taka gidanta. Mahaifiyarsu ta rasu a 1989 ba ta shirya su ba, kuma 'ya'yan Goggo sun ce tun daga lokacin ba ta ƙara ambaton sunansa a gida ba, sai dai ta tambaye su ko sun ga kawunsu da lafiya.

Daminar 1993

Motocin hukuma sun yi aiki shekaru kaɗan, sannan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A daminar 1993 shara ta toshe magudanai, ruwa ya shiga ɗakuna a bayan kasuwa, aka fara kai yara asibiti. Goggo ta saka takalmin ruwa, ta taka da ƙafa har rumfar gawayin ƙaninta, ta tsaya a gaban masu ciniki ta shaida masa cewa tana bukatar mutanensa. Sai ya jawo mata benci.

"Yaya, zauna ki sha ruwa tukuna," in ji shi. "Amalanken suna bayan gida. Ban sayar da ko ɗaya ba."

Washegari suka shiga lunguna, ita da shebur a gaba, shi yana tura amalanke da kansa, ba su tsallake gida ko ɗaya ba, har ruwa ya sami hanya. Waɗanda suka shaida aikin sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. A 1994 majalisa ta tsara cewa amalanke su fito da shara daga lungu zuwa bakin titi, motoci su ɗauka, hukuma ta ɗauki nauyin gidajen marasa hali.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a 2003. Kowace yamma ƙanin yakan zo tsakar gidanta su ɗora musu daga inda suka tsaya, kowa yana cewa tsarinsa ne ya ceci gari.

Ta rasu a 2019 bayan gajeruwar jinya, aka yi mata sutura, aka binne ta a maƙabartar yammacin gari, kuma sai da aka tsayar da motoci saboda yawan jama'a. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗanta injiniyan ruwa, mai bi masa tela, sai ma'aikaciyar jinya, da auta wadda ta gaji aikin duba-gari. Ta kuma bar ƙaninta, wanda bai ƙara yarda a yi zancen shara a gabansa ba, domin a cewarsa wadda ta isa a yi musu da ita ta tafi.