Gidajen da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Shekarar da na fara koyon JavaScript, harshen rubuta shirin kwamfuta, ina koyarwa a wata sakandare a Yelwa. Na zo darasin gina abin da ke miƙo bayani ɗaya bayan ɗaya: ka nemi na gaba ya ba ka, har ya ce ya ƙare. Misalan darasin duk lambobi ne, suka gundure ni. Sai na tuna da kakata, wadda aka haifa a wani tsibiri da ruwan Kainji ya shanye tun kafin a haifi Inna.

Wata Asabar bayan la'asar na same ta tana ɓare gyaɗa, na zauna da kwamfuta a cinya.

"Kaka, lissafa mini gidajen garinku."

Ta fara daga mashiga jirgi. Gidan liman, sai na maƙeri, sai na mai ɗinkin koma. Ba ta yi gargada ba. Kowane gida na rubuta shi tare da maƙwabcinsa, don idan an nemi na gaba a samu. Ban lura cewa garin zagaye yake ba, gidan ƙarshe bangonsa ɗaya da na liman. Ban kuma rubuta inda za a tsaya ba.

Da na kunna shirin, sunayen suka yi ta zubowa, su ƙare su sake farawa. Na karanta mata zagaye biyu ina dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ɗan nan, mi ya same shi?"

"Bai san inda zai tsaya ba, Kaka."

"Kashe shi. Duk sun mutu, bar kiransu."

Na rufe kwamfutar. Ta daɗe hannunta cikin ƙwarya, sannan ta ce ta tsallake gida ɗaya, bayan na maƙeri. Nasu ne. A bayansa aka binne 'yarta ta fari, sati biyu kafin a kwashe su zuwa tudu. Inna ma ba ta taɓa jin tana da yaya ba.

Washegari na saka gidan, na sa shirin ya tsaya idan ya dawo inda ya fara. Ya yi aiki daidai.

Kaka ta rasu da damina. Ni kuwa in na hau jirgi zuwa kasuwar Wara, za mu bi ta kan ruwan da ya shanye garin, gefen injin nake zama, inda ƙara ta fi yawa, don kada sunayen su fara zubo mini.